Wayar Hadi, Bakin Gwadabe

Kawu Gwadabe ya zagi ma'aikaciyar kamfanin da Hadi yake neman aiki, kuma da wayar Hadin ya yi zagin. Lokacin saura kwana biyu intabiyu.

Hadi ɗan Toranke ne. Ya gama jami'a, ya gama bautar ƙasa, ya dawo gida ya zauna wata huɗu. Digirinsa na tarihi ne. Duk wanda ya ji haka sai ya ce Allah ya sa albarka, ya kau da kai, don babu wanda ya san me ake ci da shi. Aikinsa a garin bai wuce karanta wa tsofaffi saƙon waya da gyara musu agogonta ba. Takardar neman aiki kuwa ya tura ta wurare sun fi talatin. Wuri ɗaya ne ya kula shi, wani kamfani mai sayar da fitilu da fankokin sola, yana neman masu amsa kiran kastomomi da Hausa. Aikin a Kano yake, amma 'yan wannan yankin a shagon kamfanin na Gaya za a tantance su, ranar Laraba da ƙarfe goma.

Mahaifiyarsa Hure, wadda mijinta ya rasu shekara shida da suka wuce, ba ta jira Laraba ba. Kafin rana ta faɗi, matan unguwa sun san Hadi ya samu aiki. Washegari labarin ya kai Gafasa wajen danginta.

"Inna, ba fa a ba ni ba tukuna," in ji Hadi. "Tambayoyi za su yi mini."

"An kira ka ko ba a kira ka ba?"

"An kira ni."

"To me ya rage? Ni dai na riga na faɗa wa mutane. Kada ka mayar da ni maƙaryaciya da tsufana."

Da wannan a kansa ya fara shiri. Ya samo littafin rubutu, ya dinga kallon bidiyo a waya yana kwashe abin da aka ce. Wai ka yi murmushi kana magana ko da ba a ganinka. Wai kada ka katse mai magana. Wai ka ba da haƙuri ko ba kai ka yi laifin ba. Wannan na ƙarshen bai ba shi wahala ba, shi ne ƙarami a gidansu, da shi ya tashi. Yakan zagaya bayan rumbu ya kara waya a kunne ya yi ta gaida wanda babu shi, awaki na kallonsa suna tuƙa.

Daga baya dabara ta zo masa, kuma a gaskiya dabara ce mai kyau. Kamfanin yana da lambar da ake kira kyauta. Sai ya riƙa kira kamar kastoma, don ya ji yadda ma'aikatan suke magana. Ya tambayi farashin fitila, ya gode, ya rubuta yadda aka amsa. Ya sake kira ya tambayi ko ruwan sama yana ɓata faifan sola. Sau huɗu ya yi haka, cikin ladabi.

Yana cikin na biyar ranar Litinin bayan la'asar, a zaure, Kawu Gwadabe ya faka babur. Gwadabe yayan Hure ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Dillalin dabbobi ne, shekara talatin yana cin abinci da bakinsa a kasuwannin Gaya da Ajingi. Idan yana kushe rago, mai ragon ma sai ya fara jin kunyar abinsa. Bai taɓa cewa yi haƙuri ba sai a gidan gaisuwar mutuwa.

Ya tsaya a bakin zaure ya saurara har Hadi ya gama.

"Da wa kake wannan lallashin? Aure kake nema?"

Hadi ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi masa bayani.

"To kai yanzu wannan shi ne shirin?" Gwadabe ya zauna a kan tabarma ya cire hula. "Ka ji ni da yaro. Wanda zai kira ka a wajen nan ba irinka ba ne, irina ne. Mutum ba ya kiran kamfani don yana jin daɗi. Ni ɗin nan ina da solarsu, wata biyu ke nan fitilar ba ta kai isha'i take mutuwa. Kawo wayar in nuna maka yadda ake yi, kai kuma ka saurari yadda za su kare kansu. Darasi ne kyauta."

"Kawu, da dai da wayarka..."

"Tawa babu caji. Ai maganar da nake yi ke nan."

Hadi ya miƙa. Ba a hana kawu waya.

Wata murya mai sanyi ta ɗauka. "Barka da yamma, sunana Ummu Salma, da me zan taimaka?"

"Shi ke nan gaisuwar?" in ji Gwadabe. "Babu ina gajiya, babu ya iyali? Ke a gidanku haka ake shiga mutane?"

Ta ba da haƙuri, ta gaishe shi, ta tambayi sunansa da matsalarsa. Sunan bai samu shiga ba. Gwadabe ya fara daga fitilar, ya ce ashana ta fi ta amana. Ya wuce kan kamfanin, ya ce taron 'yan damfara ne da suka samu riga iri ɗaya. Ta yi ƙoƙarin tambayarsa inda ya ajiye faifan, ya ce ba a katse shi. Daga nan ya sauko kanta. Ya ce muryarta kamar sauro ya shiga kwalba. Ya ce da jin yadda take magana ba ta iya tuƙa tuwo ba. Ya taɓo wanda ya haife ta, ya taɓo wadda ta goya ta, ya ce makarantar da ta yi ta mayar wa ubanta kuɗinsa. Minti goma sha ɗaya. Tana cikin faɗin wani abu game da dokar kamfani ya kashe, ya miƙa wa Hadi wayar da zafinta.

"Ka dai ji. Ba ta da amsa. Idan suka ɗauke ka, ka fi ta."

Ya shiga ciki Hure ta ba shi fura.

Hadi ya zauna da wayar a hannu. A lokacin ne ya tuna abin da ya ji sau biyar bai kula ba, wato muryar da ke cewa ana naɗar kowane kira kafin a haɗa ka da ma'aikaci. Sannan ya tuna lambar nan ita ce a saman takardarsa ta neman aiki, da manyan baƙaƙe, shi da kansa ya ce wa mai kwamfuta ya ƙara mata girma.

Ranar Talata ya yi ta ba kansa baki. Kamfani ne babba, mutum dubu nawa ke kira a yini? Mai amsa waya daban, mai ɗaukar ma'aikata daban. Ya yi aski, ya wanke farar shadda, ya goge takalmi. Bai faɗa wa Hure komai ba.

Laraba da sassafe ya hau acaba zuwa Gaya, ya naɗe ƙafar wando don ƙura. Shagon kamfanin ɗaki biyu ne, na gaba cike da kwalaye, an ajiye benci a baranda. Su tara ne a kai, kowa da fayil a cinya, kowa yana satar kallon takalmin ɗan'uwansa. Hadi ne na shida.

A ciki mutum biyu ne a bayan tebur. Wani mai furfura a gemu ya ce sunansa Malam Tukur, shi ne mai kula da masu amsa kira. Kusa da shi wata budurwa ce da farin gilashi da kwamfuta a gabanta.

"Sunana Ummu Salma," ta ce. "Bismillah, zauna."

Hadi ya gane sunan, ya gane muryar, ya zauna.

Tambayoyin farko ya amsa su kamar karatun allo. Me ya sa yake son aikin, me zai yi idan bai san amsar tambaya ba, zai iya zaman awa takwas. Malam Tukur yana gyaɗa kai yana rubutu. Hadi har ya fara jin iska na shiga ƙirjinsa. Sai Ummu Salma ta juyo da kwamfutar.

"Wannan lambar taka ce?"

"Tawa ce."

"Kowane mai neman aiki mukan duba ko ya taɓa kiranmu. Kai sau shida. Biyar ɗin farko babu laifi, har na ce wannan yaron yana shiri. Ga na shida."

Ta danna. Muryar Gwadabe ta cika ɗakin. A zaure ma ba ta yi daɗin ji ba, balle a nan, da fanka na juyawa da mutumin da zai ba ka aiki yana kallon silin. Da aka zo wajen sauro a kwalba, Malam Tukur ya yi tari ya rufe baki. Ummu Salma ba ta yi tari ba. Ta bar shi har wajen tuwo sannan ta tsayar.

"Mun san ba muryarka ba ce," in ji Malam Tukur. "Wane ne?"

"Wani dattijo ne a gidanmu."

"Dattijo," in ji Ummu Salma.

"Kawuna ne. Yayan mahaifiyata. Ya ce zai koya mini aiki ne."

Wannan karon Malam Tukur bai iya mayar da dariyarsa tari ba. Da ya gama ya share ido ya ce, "To ai ya kyauta. Dama kowa sai mun gwada shi da kira. Sauran ni nake zama kastoma in yi musu faɗan ƙarya. Kai kana da na gaske. Ƙorafin kawunka har yanzu a buɗe yake, babu wanda ya yarda ya kira shi. Ga waya, ga abin kunne. Ka ba mu lambarsa, ka kira shi a matsayin ma'aikacinmu, ka gano matsalar."

Ummu Salma ta tura masa takarda. "Ga doka. A nan babu kawu, kowa Malam ne ko Malama. Idan kastoma ya yi zagi, ka gargaɗe shi. Ya sake, ka sake. Na uku ka yi masa sallama ka kashe. Kai za ka kashe, ba shi ba. Wanda ba zai iya wannan ba, ba zai yi sati a wajenmu ba."

Hadi ya karanta takardar sau biyu, ba don bai gane ba. A Toranke yaro ba ya kashe wa babba waya. Ko katinka ne ke ƙonewa, ko babban ya manta ya jefa wayar a aljihu kana jin yana cinikin akuya, jira za ka yi. Shi bai taɓa yi wa ko yayansa ba. Ya tuna sauran mutum takwas da suka zauna benci tare, ya tuna bayan rumbu da awaki, ya tuna Hure da matan Gafasa. Ya sa abin kunnen. Yana ta addu'ar Allah ya sa wayar Kawu babu caji.

Da caji. Bugu biyu aka ɗauka. Ummu Salma ta buɗe sifikar wayar yadda kowa a ɗakin zai ji.

"Barka da hantsi. Sunana Hadi, daga kamfanin sola. Ina magana da Malam Gwadabe?"

"Wane Hadin?"

"Hadi daga kamfanin..."

"Hadin Hure? Kai, yau ni ne Malam Gwadabe?" Sai ya fashe da dariya. "Jama'a, sun ɗauke shi. Ban faɗa muku ba? Ni na koya masa. Ku matso, bari in sa sifika kowa ya ji."

Hadi ya ji hayaniyar majalisar ƙofar masallaci. Ya gane tarin Gaji mai faci, ya gane muryar ladan. Aƙalla mutum goma.

"Malam Gwadabe, mun samu ƙorafinka cewa fitilarka ba ta riƙe caji. Muna ba da haƙuri. A ina aka ajiye faifan?"

"Ji shi kamar bai san gidan ba. A kan rufin ɗakin Hanne mana."

"Ko akwai wani abu a kansa?"

Hadi ya san amsar, don Hanne matar Kawu ce, gidan kuma ba baƙonsa ba ne. Ya gani da idonsa tun kaka, bai dai ga hanyar faɗa ba.

"Barkonon Hanne ne kawai. Wajen ya fi ko'ina zafi, kwana biyu ya bushe. Kafin shi kuɓewa ta shanya."

"To Malam Gwadabe, matsalar ke nan. Faifan da rana yake aiki, idan an rufe shi ba ya ja. A kwashe barkonon, a goge shi da tsumma mai ɗan ruwa, a bar shi yini guda."

Sai majalisar ta kwashe da dariya gaba ɗaya. Gaji yana cewa, "Wata biyu kana zagin kamfani, ashe yaji kake caji."

Da a nan aka tsaya, da kowa ya tsira. Amma Gwadabe ba a yi masa dariya ya tafi da ita gida.

"To waccan shashashar mai muryar sauro me ya hana ta faɗa tun shekaranjiya? Tana nan? Ba ni ita."

Ummu Salma ta ɗaga yatsa ɗaya.

Hadi ya ce, "Malam Gwadabe, ina roƙonka a daina zagi, don mu ci gaba da taimaka maka."

"Me ka ce?"

"A daina zagi."

"Ni kake faɗa wa? Ni da na yanka ragon sunanka? Lalle boko ya gama da kai, ɗan banza mara kunya. Kai da ita duk tarbiyyarku ɗaya."

Yatsa biyu.

"Malam Gwadabe, wannan gargaɗi na biyu ne. Idan aka sake, dole in kashe wayar."

Ladan ya ce a hankali, "Gwadabe, bar shi haka, yaron a bakin aiki yake."

"A'a, ku ƙyale ni. Ka kashe? Kai ɗin? To bismillah, ina jira. Kashe in gani, jakin banza, kai da kamfanin naku na ɓarayi."

Ummu Salma ba ta ma ɗaga na ukun ba. Ta dai dube shi ta saman gilashi. Malam Tukur ya ajiye biro.

Gumi ya jiƙa wuyan shaddar Hadi. Bakinsa yana so ya ce Kawu ka yi haƙuri, don abin da ya iya ke nan tun yana yaro. Maimakon haka ya dubi takardar ya karanta abin da ke layin ƙarshe, har da murmushin da bidiyo ya koya masa.

"Mun gode da kasancewa tare da mu, Malam Gwadabe. A huta lafiya."

Ya danna jan maɓalli.

Malam Tukur ya rubuta wani abu gajere. "Litinin ƙarfe takwas, ofishinmu na Kano. Sati biyu na horo. Ka zo da hoto huɗu."

Hadi ya miƙe ya yi godiya. Yana bakin ƙofa Ummu Salma ta ce, "Ka gaida Kawu."

Labarin ya riga shi isa Toranke. Ɗan acaban da ya dawo da shi ma a hanya ya ba shi labarin, bai san shi ne ba. Ya tarar da Hure a tsakar gida ta zauna a kan turmi, mayafi a kafaɗa, da alama daga wani wuri take.

"Inna, an ba ni."

"Na ji. Na kuma ji sauran. Daga gidan kawunka nake." Ta gyara zama. "Ya ce ɗana ya yi masa ƙirga a gaban mutane kamar ɗan dambe. Ya ce tun da uwarmu ta haife shi ba a taɓa kashe masa waya ba, sai jinin ƙanwarsa."

"Doka ce, Inna. Da ban yi ba..."

"Na sani. Tashi ka je ka durƙusa."

Ya je. Ya durƙusa a zauren Gwadabe tun bayan la'asar har aka kira magariba, Gwadabe bai fito ba. Hanne ce ta leƙo ta ce ya yi haƙuri ya tafi, maigidan ya ce wai a faɗa masa duk layukan suna aiki, ya sake gwadawa. Hadi ya ɗaga kai ya ga rufin ɗakinta. An kwashe barkonon, faifan yana ta ƙyalli.

Ya koma ranar Juma'a da ladan, ya koma ranar Asabar da goro. Ranar Lahadi ya ɗauki jakarsa ya tafi Kano. Aikin ya karɓe shi. A cikin waɗanda aka ɗauka tare babu mai jure zagi kamarsa, har ana tura masa kiran da ya gagari wasu.

Shi Gwadabe ba zai iya zuwa Kano ya rama ba, kuma ba zai sake kiran kamfanin ba, don Gaji ya riga ya sa masa suna Mai Cajin Yaji, yara ma sun ɗauka. Wadda ke kusa ita ce Hure. Tun rasuwar mijinta, duk damina shanun huɗar Gwadabe gonarta suke fara shiga kafin tasa. A wannan shekarar ruwa ya sauka, gero ya tsiro, shanun suka bi ta gefen gonarta da safe suka wuce Gafasa aikin haya. Ta aika, ya ce sun gaji. Ta je da kanta sau biyu, ya ce ta kira kamfani.

Ba ta faɗa wa Hadi ba, don kada ya bar aiki ya dawo. Masu shanun haya duk an riga an kama su. Ta ɗauki garmar hannu ta marigayi, mace mai shekara hamsin da biyar, ta yi kwana goma sha tara tana huɗa ita kaɗai, ciyawa na gaba tana baya. Gonar da ta saba ba ta dami ashirin, dami takwas ta bayar. Bayanta kuma bai sake miƙewa daidai ba, tun daga wannan daminar a zaune take sallah.